Sanarwa Kan Hotunan Joker da Harley Quinn

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Kwanakin nan hotunan Joker da Harley Quinn, na labaran zane na Batman, sun yi yawa a rukunin nan, ana rubuta "soyayyar gaskiya" a ƙasansu, wasu kuma suna cewa ba a fahimci Joker ba ne. Don Allah a dakata da turo su.

Wanda ya karanta labarinsu ya san Harley likitar ƙwaƙwalwa ce a Arkham, asibitin masu taɓin hankali inda ake tsare da Joker. Joker ya yi mata ƙaryar cewa mahaifinsa yana dukansa tun yana yaro, ta tausaya masa, ya juya mata tunani. A littafin zane mai suna Mad Love na 1994 ta taga ya jefo ta daga bene. A 1988 kuma shi ya harbi Barbara Gordon, ƴar kwamishinan ƴan sanda a labarin, a ƙofar gida, ta koma kan keken guragu. Wannan ne ake cewa "ba a fahimce shi ba ne"?

Yabon zanensa ko iya tsara mugu ba laifi, ni ma ina yi. Wanke shi ne ba zan yarda da shi ba, domin akwai ƙannenmu mata a nan, wata ƙila a gidanta irin wannan take gani.

Daga yau duk hoton da ya zo da irin wannan rubutu za a goge shi. Mai ja ya same ni ta gefe.