Zuba wa injin yashi bai ƙara wa kowa albashi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ya faru a gidan burodin da ƙanina ke aiki a nan Jos. Wani abokin aikinsu, da haushin albashin naira dubu 25 a wata ya ishe shi, ya zuba yashi a tankin janareta da daddare. Da asuba kwaɓin ya kumbura ya yi tsami a cikin baho, aka kwashe aka zubar. Kwana tara ba aiki, kuma maigidan ya zabtare kuɗin gyara daga albashin kowa. An huce haushin kaza a kan dami.

Ban wanke maigidan ba, Allah Ya sani. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, a nan yake fakewa. Wannan ƙofar ya kamata ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta matsa a toshe.

Amma ɓarna a ɓoye cin amana ce. Da ma'aikatan gidan, su goma sha biyu, sun ajiye aiki tare da rana tsaka, da ni ma na tsaya bayansu.

Naka,
Wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos