Shekara guda ina rufa wa ɗana asiri, yanzu ƙofar wa zan buga?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Duk mako ina sauraren shirinki, rediyo a gefen murhu, ni ina tuyar ƙosai. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagewa. Don Allah in za ki karanta ta, kada ki faɗi sunana ko unguwarmu. Tawa ba ta da girma ga mai abin ɓoyo.

Ɗiyana biyar. Maigidana yana Abijan wajen biɗa, kamar mazan Adar da yawa, bana shekararsa huɗu bai tako gida ba. Yana turo abin da Allah ya hore masa, ban raina ba, amma kuɗi ba sa tsawata wa yaro.

Babbansu shekararsa 15. Ɗan fari ne, kin kuwa san al'adarmu. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko "wancan". A ɗakin kakarsa ya tashi, ita ce mai yi masa faɗa, ita ce mai lallashi, ni daga nesa nake kallo ina ta alkunya. Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa. Sai da ta tafi na gane cewa ni da yaron nan ba mu taɓa zama mun yi hirar minti goma ba.

Yana ajin katiriyam, saura shekara guda ya shiga ajin BEPC, wato jarrabawar gama kolej, sai ya fara kwana fada wajen shayi. Wata safiya ina wanke wandonsa na ji abu yana ƙaras-ƙaras a aljihu. Fallen ƙwaya ne na tramol, an ɓalle duka sai biyu. Na daɗe tsugune riƙe da shi, kumfar sabulu ta bushe a hannuna. Na tashi na jefa shi a masai, na dawo na ci gaba da wanki. Da ya shigo na zuba masa fura, ban ce uffan ba.

Daga nan ƙarya ta zame mini abinci. Jika bakwai suka ɓace a gwangwanin da nake tara zubin adashe, na ce wa mata rance na bayar. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya aiko sau biyu a zo lakwal, na aika a ce yaro ba shi da lafiya. Ubansa in ya kira ya tambaya, in ce karatu sai alhamdu lillahi.

Watan jiya abokansa suka kawo shi a kan kabu-kabu, ya faɗi a fada yana karkarwa, baki na kumfa. Maƙwabta suka ce iska ce. Wallahi Hajiya, har daɗi na ji da suka faɗi haka, don ɗan da aljanu suka taɓa jaje ake yi wa uwarsa, ɗan ƙwaya kuwa da baki ake nuna ta. Malamin asibiti bai ruɗu ba. Ya ja ni gefe ya ce tramol in ta yi yawa haka take ka da mutum kamar mai farfaɗiya, kuma wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa ita rana ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita. Ya ce in dawo da shi. Har yau ban koma ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, wata maƙwabciyata da ke cikin ƙungiyar iyaye mata ta lakwal. Na zaci gobe zan ji zancen a bakin famfo. Sai ta fashe da kuka, ashe nata ɗan ya bi wannan hanya shekarun baya, ita ma ta ɓoye har ya bar karatu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kowace na kukanta a ɗaki. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Muna yara ana cewa ɗa na kowa ne, kowane babba a titi yana iya ja maka kunne. Yanzu ka yi wa ɗan wani faɗa, uwarsa ta ɗauro zane ta iso ƙofarka. Ni kaina na taɓa yi wa wani dattijo haka, a kan yaron nan kuwa.

Maƙwabciyar ta ce in je ofishin kare yara na ma'aikatar kula da mata, wai akwai masu zama da yaro su saurare shi. Tsorona kada zancen ya kai ga ƴan sanda, dangi su ce na kai ɗana ga hukuma da hannuna. Akwai kuma wan maigidana, mai fataucin albasa daga Galmi. A bisa ƙa'ida shi ne uba a yanzu, amma hannunsa da sauri. Na taɓa jin yana cewa maganin irin yaran nan mari a ƙafa a gidan malam, ko a tura su Jado haƙar zinariya su san duniya. Uban yaron kuwa na san kalmar farko da zai faɗa: "To ke me kike yi a gidan?"

Hajiya, da wa zan fara? Asibiti, ko ubansa, ko mushen da na yi wa ƙarya har sau biyu? Me zan ce wa wan maigidana da zai sa ya taimaka ba tare da ya ɗauko dorina ba? Ƙanen yaron mai shekara 12 ya fara bin sa fada ɗaukar musu gawayi.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne yaron kansa. Jiya na tsaya a ƙofar ɗakinsa da niyyar in kira shi da sunansa, bakina ya ƙi buɗewa. Ta yaya uwa ke fara magana da ɗan farinta?

Zan kasa kunne ranar shirin, in Allah ya kai mu.

Taki,
wata uwa daga Tawa