Zuwa ga abokina a Fatakwal, kan maganar ɗanmu

Birnin Kebbi, daren Laraba.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, an shiga yankan shinkafa a fadama, aiki ya yi mana yawa. Shi ya sa amsarka ta yi kwana tara a hannuna. Kuma ka san ni da waya: in aka kira ni sai maganar ta tsere mini, in na zauna da biro sai ta dawo.

Na saurari saƙon muryarka har sau huɗu. Ka ce likita ta tabbatar ɗanmu yana da otizim, abin da gidajen rediyo ke kira galahanga, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke aiki da ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Ka ce shekararsa biyar amma kalmomin bakinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma yana toshe kunne yana kuka in an tada janareta. Daga nan ka yi shiru, sannan ka ce, "To kai da ka san abin, zai yi karatu kuwa?"

Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Abin da zan iya shi ne in ba ka labarin yadda nawa karatun ya kasance, domin shekara biyar muka yi a ɗaki ɗaya a jami'a amma rabin abin ba ka gan shi ba. Ni ma otizim ɗin nake da shi, amma a lokacin ban san sunansa ba.

Karatun kansa bai taɓa ba ni wahala ba. Ka ba ni littafi da ɗaki shiru, shi ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka tuna babban ɗakin laccar nan na ajin farko, inda ake cusa mu kamar buhuna a tirela? Ku kuna jin muryar malami. Ni kuwa ina jin muryar malami, da ƙarar fankar da ta karkace, da kukan lasifika, da tarin wani a baya, da warin turaren na kusa da ni, duka lokaci guda kuma duka da ƙarfi ɗaya, babu wanda ya fi wani. Bayan awa biyu sai in fito kamar wanda aka yi wa duka. Shi ya sa nake ɓacewa in tafi bayan masallaci in zauna, kuna cewa na cika son ibada. Wallahi ba ibada ba ce, wurin ne kawai babu kowa. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 da kowa ya yi ta kuka da shi, wata biyar da rabi, ni a cikinsa na karance littattafan shekara guda a ɗakin tsohuwarmu.

Ƙarin shekarar da na yi kuwa, ka san dalilinta amma ba ka san yadda ta faru a cikin kaina ba. Malamin nan ya rubuta lissafi a allo, ya yi kuskure a layi na uku. Na ɗaga hannu na faɗa. Ya juyo ya kalle ni, ya miƙo allin, ya ce, "To bismilla, tunda ka fi ni sani, zo ka koyar." Sai na tashi. Na karɓi allin, na goge layin, na gyara, na ci gaba har ƙasa, na juyo ina jira a ce madalla. Ajin ya yi tsit. Sai da daddare ka zaunar da ni ka ce, "Kai, gatse fa ya yi maka." Har yau ina tuna yadda na tambaye ka, to me ya sa ya ce in zo in ba ya so in zo? Ka yi dariya har da riƙe ciki. Kwas ɗin nan sau biyu na maimaita shi, kuka fita a 2015 ni sai 2016.

Hausa harshe ne mai daɗi, amma ga irina cike yake da rami. Gatse, habaici, zaurance, shaguɓe, hannunka mai sanda: rabin maganar mutanenmu ba a bakinsu take ba. Sai dai in faɗi gaskiya, al'adarmu ta rufa mini asiri ta wasu wuraren. Yaron da ba ya kallon idon manya, a wurinmu mai kunya ne, mai tarbiyya. Gaisuwa kuma a jere take kamar karatun allo: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da sanyi. Na haddace ta tun ina ƙarami, amsoshinta ba sa canzawa, na kan yi minti uku ina gaisawa da mutum ba tare da ya gane komai ba. Inda gaisuwa ta ƙare aka shiga hira, nan nake faɗawa ruwa.

Wannan rufin asirin shi ne kuma ya jinkirta ganewa. A gida an ce miskili ne. Da na fara buga kaina da bango in hayaniyar biki ta yi yawa, aka ce iska ne, aka yi rubutu aka yi ruƙiyya. Ban zargi iyayena ba, abin da suka sani suka yi, kuma addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma sai da na kai shekara talatin, a 2021, kafin na je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ƙafata. Ka san a yankinmu in aka ce an kai wane Kware me ake nufi, don haka ban gaya wa kowa ba, na ce Sakkwato zan je sayen littattafai. Likitan ya yi ta tambayata game da yarintata, ya sa na kira yayata a waya ta cike abin da na manta. Ranar da ya faɗi sunan abin, a mota ina dawowa, daga Bodinga har Jega ban ce uffan ba. Ba baƙin ciki ba ne. Kamar mutum ne ya shekara talatin yana ɗingishi ana ce masa ragwanci, sai aka cire takalmin aka ga ƙaya.

Tunda ka san halina, na bi abin da karatu har ƙarshe. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a rubuce a 1943 daga yara 11 da ya duba. Bayan shekara guda wani likitan, Hans Asperger, a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya rubuta game da yara masu magana sosai amma ba su iya cuɗanya ba, irina ke nan. A 2013 likitocin Amurka suka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, domin abu ɗaya ne mai faɗi: wani yana koyarwa a jami'a, wani har ya tsufa sai an kula da shi. Shi ya sa kalmar galahanga ba ta kwanta mini ba, a bakin mutane ta kwashe duk yaron da ya bambanta ta zuba a kwando ɗaya. Sannan don Allah ka gaya wa uwargida ta daina tuhumar kanta. Ba abin da ta ci ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba. Zancen allurar ya samo asali ne daga rahoton wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, a 1998, kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar da ta buga shi ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa. Gado ne ya fi yawa a ciki. Ni da na waiwaya, sai na tuno kawuna da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo a kasuwa, ba ya zuwa biki, ba ya cin abinci sai a kwano ɗaya.

Yanzu maganar aiki, wadda ita ce ta fi ba ni kashi. Digiri takarda ce, tana da ƙa'ida: ka karanta, ka rubuta, a ba ka maki. Neman aiki ba shi da ƙa'idar da aka rubuta. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina yawo da fayil. Jarrabawar rubutu ina cinyewa, intabiyu ke kayar da ni. Kunyar nan da ta cece ni a gida, a gaban masu ɗaukar aiki ta zama laifi, wai ba ni da kuzari, wai kamar ina ɓoye wani abu. A wani wuri aka tambaye ni ina nake ganin kaina nan da shekara biyar. Na ce gaibu sai Allah. Wallahi da gaske nake, amma suka kalli juna. A wani wurin aka ce in faɗi rauni na, na zauna na lissafa musu guda bakwai.

Abin da ya buɗe mini ƙofa shinkafa ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman ya bunƙasa, masana'antun casa suka yawaita, suna neman wanda zai tsaya a ɗakin gwaji. Mutumin da ya ɗauke ni bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Ya zuba mini shinkafa a faranti ya ce in ware karyayya daga lafiyayya in gaya masa kashi nawa ce. Na zauna minti arba'in ban ɗago ba. Da na ba shi lissafin ya gwada da nasa, ya ce in zo ranar Litinin.

Ga aikin nawa. Mota ta shigo da shanshera, in soka buhuna daga sama da tsakiya da ƙasa, in haɗa, in zuba a na'urar auna danshi. Abin da ake so kashi 14 cikin ɗari ko kusa da haka. In ya haura sosai shinkafar za ta yi fumfuna a sito, kuma ruwa ka saya da kuɗin hatsi. In ta bushe fiye da kima sai ta kakkarye a inji. Manoma suna gwadawa da haƙori, su ciza su ji ƙas, kuma sau da yawa suna dacewa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai haƙori ba ya rubuta lamba. Kullum abu ɗaya, a jere ɗaya, abin da ke gundurar wasu shi ke kwantar mini da hankali.

Wata rana wani dillali ya kawo mota, na auna na ga 19. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, a duba mu mana." Na ce to. Na koma na sake soka buhu goma, na sake aunawa, na dawo na ce masa na duba, 19 ce. Ya ce, "A'a, ina nufin a duba." Na sake dubawa karo na uku. Sai da ya tafi yana ƙunƙuni leburori suka fashe da dariya suka fassara mini. Tun daga ranar suna ce mini Sha Tara. Maigidan da ya ji labari bai ce komai ba, amma daga watan nan duk motar da ake shakka ni ake kira.

Sai bayan na dawo daga Kware na yi ƙarfin halin gaya wa maigidan cewa ina da otizim. Akwai doka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da ta haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, har ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma a idon mutanenmu nakasa ita ce sanda da keken guragu, tamu ba a ganinta, in ka faɗa sai a ce ai ga ka garau. Saboda haka ban ambaci doka ba. Na roƙe shi ya riƙa rubuto mini umarni maimakon faɗa a tsaye cikin ƙarar inji, ya bar ni in sa abin toshe kunne, in kuma za a canza mini lokacin aiki a gaya mini tun jiya. Ya ce, "Wannan ne kawai?" Da waɗannan na samu sararin da na koma na yi digiri na biyu, na kammala bara. Ranar kare kundin bincikena na haddace har inda zan tsaya in numfasa, kuma na zaɓi goshin shugaban zaman na kafa masa ido, ya ɗauka idonsa nake kallo.

Za ka ji ana ba ka labarin Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado, mai otizim ita ma, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, ta zo ta yi digirin digirgir a kimiyyar dabbobi a 1989. Ita ta lura cewa abin da ke sa shanu tirjewa ƙananan abubuwa ne da kowa ke wucewa, inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, riga a rataye a shinge, ta tsara musu lanƙwasasshiyar hanya. Duk ranar da na shiga kara na ga ana jibgar sa don ya hau mota sai ta faɗo mini. Amma kada ka ɗora wa ɗanmu ita a kai, kada ma ka ɗora masa ni. Akwai waɗanda ba za su yi digiri ba, kuma ba su gaza ba. Ni kaina har yau ɗaurin aure in na je, da an shafa fatiha nake zamewa, in kwana biyu ina farfaɗowa.

Abin da na sani shi ne shi ya riga ni da shekara ashirin da biyar, tunda an san sunan abin tun yana da biyar. Ku nemi mai koyar da magana tun yanzu. In yana kaɗa hannu ko yana jujjuyawa kada a doke shi, da shi yake sauke nauyin da ke kansa. In za ku fita, a gaya masa tun da wuri ina za a je, da yaushe za a dawo. Ka ce yana jera murafun kwalba a tsakar gida awa guda ba ya gajiya, uwargida tana sharewa. A daina sharewa. Ka durƙusa kusa da shi ka ga da wane tsari yake jera su, launi ne ko girma, sannan ka rubuto mini, ina son in sani. In Allah ya kai shi lokacin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, tun 2017 suna da sashe na musamman da ke kula da masu buƙata irin wannan, ba kamar zamaninmu ba.

Direban da ke kai kaya wajenku zai taso ranar Asabar in Allah ya yarda. Na ba shi rabin buhu na sabuwar shinkafa, ni na auna ta da hannuna, danshinta 13 da rabi ne. A cikin buhun daga sama akwai leda baƙa, abin toshe kunne ne irin nawa amma ƙarami. Kada ku sa masa da ƙarfi. Ku ajiye kusa da murafun kwalbarsa, ku tada janareta, ku bar shi.

Tsohuwa tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ka dawo mata da kwanon furarta ba. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan ɗanmu in yana yarda a taɓa masa kai.

Wassalam.

Naka,
Sha Tara