Wasiƙa zuwa Makka a kan gonar gado

Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan kalau, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta in ta yi doguwar tafiya. Dabinon da ka aiko ya iso, ta rabar da rabinsa tun kafin la'asar, ka san ta.

Kuɗin ma sun shigo, na kuma saurari saƙon muryarka har sau uku: a sayi buhu goma na yuriya, a shuka dawa a fadan goman nan kaf kamar kullum (fadan dai shi ne ma'aunin gona a nan Sudan, ya ɗan fi eka). To, ban saya ba tukuna. Na gwammace in rubuto maka a tsanake, don in a waya ne ba za ka bar ni in kai aya ba.

Shekara bakwai ke nan tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, gonar nan ba ta ga komai ba sai dawa, in ka cire daminar 2024 da yaƙi ya hana mu leƙa ta. Na ɗauka hutun dolen nan zai yi mata amfani. Bara da na koma, dawa ba ta kai ƙugu ba ganye ya fara rawaya daga ƙasa, kuma ta gefen gabas ƙuduji ya rufe wuri, abin da Larabawa ke ce wa buda. Da ka ga furensa daga nesa ka ce lambun wani sarki ne, alhali a ƙarƙashin ƙasa ya kafa baki a saiwar dawa yana tsotsa. Kai ɗaya nasa yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani ruwa da saiwar dawa ke fitarwa. Ka ga duk damina da muka shuka dawa a wurin, mu ne muke yi masa sallama ya tashi.

Abin da nake so ka yarje mini shi ne in ware fadan huɗu na gefen gabas ɗin in shuka wake.

Ka tuna muna yara, in mun tumɓuke wake ko gyaɗa mu ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, mu ce cuta ce ta kama ta? Wani dattijo da ya yi aiki a tashar binciken noma ta Wad Madani, yanzu yana zaune nan kusa da mu, shi ya buɗe mini ido a kansu. Ya ce in fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune ciki suna kan aiki: suna kamo naitirojin daga iska su miƙa wa shuka, ita kuma tana ciyar da su. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi. Naitirojin ɗin nan shi ne dai abin da muke biya a buhun yuriya. Buhu mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, wato kilo 23, alhali iskar da ke kan gonar kusan kashi 78 cikin 100 nata shi ne. Dawa ba ta iya ɗaukarsa daga iska, sai abin da ta samu a ƙasa, kuma baƙar lakar nan tamu mai tsagewa da rani, duk da ƙarfinta wajen riƙe ruwa, matalauciya ce a wannan fanni. Ga wani abin kuma: saiwar wake ma tana ruɗin irin ƙudujin dawa ya tsiro, ya nemi inda zai kama ya rasa, ya mutu. Damina ɗaya ba za ta share shi ba, amma za ta rage masa zuri'a.

Ba sabon ilimi na kawo maka ba. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 da gicci suka zo, gero da dawa da wake a gona ɗaya, kuma Baba har ya bar duniya bai taɓa barin gonar nan ba wake a tsakanin kunya. Mu ne muka daina, don tarakta ta fi son abu ɗaya. A babbar gonar ban-ruwa ta Jazira ma, tun da aka buɗe ta a 1925 bayan gama madatsar Sinnar, da juyi aka gina noman: auduga, dawa, lubiya (wani irin wake), sai a bar ƙasa ta huta, ba a bin auduga da auduga. Daga baya aka shigo da gyaɗa da alkama. Mutanenmu nawa ne suka ƙare ƙuruciyarsu suna noman a-raba-amfani a hawashar wasu, wato kasonsu na gonar Jazira, suna cire gyaɗa daga wannan lakar? Tambayi duk wanda ya rage a cikinsu ko alkamar da ta biyo bayan gyaɗa ɗaya take da wadda ta biyo bayan dawa. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, kuma a ganina 'yancin ya zo da nasa ciwon kai, don da yawa sun bi abin da ke da kuɗi a kasuwar bana kawai. Masu manyan gonakin tarakta na Gadarif kuwa, tun shekarun 1940 dawa kan dawa suke yi, in ƙasa ta gaji su matsa gaba. Mu ina za mu matsa? Gabas maƙwabci, yamma maƙwabci.

Amma kar ka ce na yi maka alkawarin aljanna. Wake ba zai raba mu da takin zamani gaba ɗaya ba, kuma ga inda gizo ke saƙar: harawa. Yawancin naitirojin da wake ya tara yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye. In muka roro waken, muka naɗe harawar kaf muka kai kasuwa, abin da ya rage wa ƙasa saiwa ne da ganyen da ya kaɗe, ba yawa. Ni kaina na yi wannan wautar a tawa gonar shekara uku da suka wuce. Makiyaya suka taya harawa da tsada, na kwashe har da ta ƙarƙashin kunya, na zauna ina jiran dawar baɗi ta yi abin mamaki. Ta fi ta da, amma ba kamar yadda na ci buri ba. Don haka a taka gonar ina so a bar rabin harawar a wurin, sauran a ba tumakin Inna, takinsu kuma ya koma gonar da bazara. Na san za ta yi mita, don kuɗin harawa nata ne tun zamanin Baba. Wannan kai za ka lallashe ta, ni ba na shiga tsakanin ɗa da uwa.

Sannan wake yana da tasa buƙatar. Yuriya mai yawa ɓata shi take yi, ya yi ta ganye ƙullen saiwar su yi lalaci. Abin da yake so takin fosfet ne, a sa tun wajen shuka, kuma abin da bai ci ba dawar da za ta biyo baya za ta samu. Yana kuma son feshi lokacin fure saboda tsutsa, ga kuɗin masu roro, ga ƙwaro a rumbu in ba a zuba shi a durom mai murfi ba. Duk na lissafa.

Ga yadda na tsara kuɗin naka: buhu shida na yuriya don fadan shida na dawa, a raba zubawa biyu, na biyun sai dawa ta kai gwiwa kuma ƙasa da danshi, don yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasar nan rana ce ke shanye ta. Kuɗin buhu huɗun da suka rage su tafi a fosfet, irin wake da feshi. Baɗi in Allah ya kai mu dawa ta koma gabas da rabin yuriyar da muka saba, wake ya matsa wani gefen. Zan bar kunya goma a can ba taki ko kaɗan, mu ga abin da waken ya bari da idonmu. Dawar fadan shida za ta ishi gida tuwo da kisra har shekara ta zagayo, kar wannan ya dame ka.

Ka ba ni amsa kafin ƙarshen Yuni, don mai tarakta yana rubuta sunaye tun yanzu, irin waken kirki kuma da an yi ruwan fari tsada yake yi. Ka gaida uwargida da yara, ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Wassalam,
naka amini.