Mamana, kar ki haddace teburin Routh ki manta da injin

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu, ya Akoka. Na ga saƙonki tun jiya muna wajen aiki a Ikeja shi ya sa sai yanzu. Kin ce kwas ɗin kwantirol ya sha miki kai, wai ke dai za ki haddace teburin Routh, wato teburin lissafin da ke nuna ko inji zai lafa ko zai ɓalle, da 'yan fomula ki shiga jarabawa ki fito, to ni kam ban yarda ba, kuma ba maganar maki nake ba. Duk cikin abin da ake koya muku babu wanda ya kai wannan kusa da sana'ar da nake ciyar da ku da ita.

Manyan janaretocin dizal da muke gyarawa galibinsu juyi 1500 suke a minti, shi ke ba da wuta mai 50Hz. Sai babban kwamfuresa ya tashi a fakitiri, lodi ya faɗo wa injin lokaci guda, gudunsa ya yi ƙasa, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ya ji ta sensa ya ƙara mai. Abin da nake tsayawa in duba shi ne cikin daƙiƙa nawa ya taso, ya zarce 50 ɗin kafin ya dawo ko bai zarce ba, sau nawa ya yi lilo kafin ya lafa, kuma da ya lafa a ina ya tsaya. Waɗannan tambayoyi huɗun su ne babin farko naku gaba ɗaya, ku dai kuna yi a takarda ni ina yi da kunne da mita.

Tsarin kwantirol mai mataki ɗaya ba shi da rigima, baya lilo, a tau ɗaya (tau shi ne ma'aunin lokacin da yake ɗauka wajen amsawa) ya ci kashi 63 na tafiyarsa, a tau huɗu ya kai 98, shikenan. Mai mataki biyu ne zaki zauna ki fahimta sosai, musamman zita, wato ma'aunin yadda lilo ke mutuwa. Ki tuna danfo da shokazobarta ta mutu, in ta faɗa rami a hanyar Agege sai ta yi ta tsalle har an wuce ramin da nisa, wannan zita ce ƙarama, in kuma abin ya yi tauri da yawa ba tsalle amma sai ya ɗau lokaci kafin ya koma mazauninsa. Zita 0.5 tana zarcewa da kusan kashi 16, zita 0.7 kusan kashi 5 ne kawai, shi ya sa zaki ga ana yawan neman wajen 0.7 ɗin, akwai sauri kuma lilon kaɗan ne.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. A jikin kwantirolar gwamna akwai ɗan sukurun ƙara ƙarfi, wato K ɗinku na aji. Yaro sabon shiga in ya ga inji na nawa wajen ɗaukar lodi abin da yake fara yi shi ne ya murɗa shi sama, kuma da farko sai ya ga kamar ya yi dabara don injin ya ƙara kuzari, ya ƙara murɗawa, sai inji ya fara abin da muke ce wa hantin, wuu wuu, ƙwan fitila na haske yana dushewa, in aka yi sake sai ya tirif ko ya ƙona wa mutane kaya. Dalili kuwa jinkiri ne. Sensa sai ta auna, akcuweta sai ta motsa, mai sai ya shiga ya ƙone, ga nauyin filawil, duk wannan lokaci ne, to kafin gyaran ya iso gudun ya riga ya juya da kansa, sai gyaran ya zama turi ta inda ba a so. In jinkirin ya kai digiri 180 kuma ƙarfin ya kai ɗaya, fidbak ɗin da aka sa don ya kwantar da inji shi ne zai rinƙa hura wutar lilon.

Ɗauki biro ki gwada da K bisa s(s+2)(s+4). In kin rufe madaukin zaki samu s³ + 6s² + 8s + K = 0. Layin farko na tsaye a teburin Routh zai ba ki 1, da 6, da (48 − K)/6, da K. Kin ga ke nan K sai ya kasance tsakanin 0 da 48, yana wuce 48 alama ta canza sau biyu, saiwoyin lissafin guda biyu sun tsallaka ɓangaren dama na filin s, wato jadawalin da ake zana su a kai, injin ya ɓalle. A 48 cif zai yi ta lilo ba ƙari ba ragi a kusan radiyan 2.83 a daƙiƙa. Amma fa ki lura, 47 ma teburin zai ce miki lafiya lau, alhali babu mai fakitirin da zai karɓi wannan aikin a hannunki, don lilon zai daɗe ƙwarai bai mutu ba. In kina son zita 0.5 a wannan misalin K bai wuce 8.3 ba, ki duba nisan da ke tsakaninsa da 48.

Kuma mutanen nan ba don su wahalar da ɗalibai suka zauna suka ƙirƙiro lissafin ba. Tun 1788 James Watt ya sa gwamna mai ƙwallaye a injin tururi, daga baya injina suka rinƙa hantin an rasa gane kansu, sai a 1868 Maxwell ya rubuta matsalar da lissafi, Routh ya kawo hanyarsa a 1877 a Ingila, Hurwitz kuma a 1895 a Zurik bayan injiniya Stodola ya kai masa matsalar gwamnan tabain. Duk daga ɗakin inji abin ya fito. Nyquist a 1932 da Bode bayansa su suka sauƙaƙa auna tazarar da ta rage kafin a faɗa rami, shi ya sa ake son ki bar rarar kwana, wato abin da ya rage kafin jinkirin ya kai digiri 180, kamar digiri 45 zuwa 60. Injin da kika saita yau ba shi ne na bayan wata shida ba, filta ta toshe, an zuba gurɓataccen dizal, linkej ya saki, ga damina da gishirin iskar Legas, lissafinki na takarda ya riga ya matsa, rarar nan ce zata riƙe ki.

Wani abu kuma da kan rikita ɗalibai, ba kullum ake son kuskuren ƙarshe, wato tazarar da ke tsakanin inda inji ya tsaya da inda aka saita shi, ya zama sifiri ba. In janareta biyu zasu yi aiki tare mukan ba su durup, wato gudun ya ɗan sauka yayin da lodi ke ƙaruwa, a ce kashi 4, ba lodi 52Hz cikakken lodi 50, da gangan, don su raba kaya ba tare da sun yi kokawa ba. Intigiral, ɓangaren kwantirola da ke tara kuskure a kan lokaci, yana share kuskuren amma yana jawo jinkirin digiri 90, ba a samunsa kyauta.

To don Allah kafin ki taɓa kalkuleta ki fara zana yadda kike zaton layin zai tafi, ki sa saiwoyin a kan filin s ki ga wanne ya fi kusa da layin tsakiya don shi ke jan ragamar komai. In kin fita IT kuma kar ki murɗa sukuru sai kin rubuta inda kika same shi, ɗaya bayan ɗaya ake taɓawa, a sa lodi a cire a gani, kuma ko wa ya matsa miki kar ki sa hannu a fanel da wuta a ciki, ko da oga ne ki ce a kashe tukun.

Asabar mai zuwa muna da gwajin lodi a Apapa, in ba ki da lakca ki biyo ni da littafinki ki gani da idonki. Kafin nan ki canza 4 ɗin can ya zama 10, ki nemo iyakar K da saurin lilon, ki turo min ta WhatsApp da zanen hannunki. Allah ya yi miki albarka ya buɗa ƙwaƙwalwa.

Babanki, daga Agege.