Zuwa ga mutumin Kano da Legas ta riƙe

Assalamu alaikum, Malam. Ina gajiya, ya iyali, ya ruwan Legas? Nan hunturu ya kankama, da safe ko dutsen Kufena ba a hangowa saboda hazo. Shirunka ya yi yawa har mai shayinmu na Tudun Wada ya ce ƙila bashinsa kake gudu, sai ga hotunanka 60 sun faɗo mini a WhatsApp, wai in kai maɗaba'a a yi littafin ƙofofin Zazzau. Bakano da tarihin Zazzau! To, Allah ya sa alheri.

Hotunan sun yi kyau, musamman na Ƙofar Doka da na Kuyambana, amma a yadda suka zo ba za su bugu ba. WhatsApp matse hoto yake yi in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Shafin A4 cikakke yana son fikzel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ɗigo 300 a kowane inci. Naka ko rabin shafi ba za su cika ba sai fuska ta dagargaje. Ka koma kan memorin kyamara ka kwaso na asali a filashi, kada ka taɓa girmansu.

Abin da ya fi damuna shi ne duhu. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa shan tawada take yi, don haka hoton da ka gani garau a waya yakan fito a dushe. Na cikin tsohon masallacin Juma'a, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, su za su fi shan wahala: bakan gizon da ka ɗauka, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi, zai haɗe da rufin ya zama baƙi ƙirin, zanen ya ɓace. A buɗe inuwar kaɗan, a mayar da launi daga RGB (tsarin launin allo) zuwa CMYK (tsarin launin tawadar bugu) tun a kwamfuta, ka gani da idonka. Shuɗin rawani da koren alkyabbar 'yan hawan Daushe za su ɗan mutu, haka tawada take, kada ka yi faɗa da kowa. Sannan a bugo maka gwajin shafi biyu, mafi duhu da mafi haske, a kan ainihin takardar da za a yi aikin, kafin a yanka faranti, wato fallen ƙarfen da injin bugu ke ɗaukar hoton shafi daga kansa. In an yanka, gyara kuɗi ne sabo.

Na san halinku, za ka ce a sa takarda mai araha. A'a. Ta littafin makaranta mai giram 70 hoton baya yana leƙowa ta gaba. Ka nemi mai sulɓi giram 135 ko 150, bango 300. Kuma a ɗinke da zare, domin takarda mai sulɓi ba ta riƙe gam sosai, in iskar hunturu ta busar da shi shafuka sai su riƙa zubowa kamar ganyen bedi.

Af, angon bara ya sayi kyamara, yana ta ɗaukar fim a Kwangila. Hoto tas, murya kuwa daga hon ɗin tirela sai kukan babur. An gaya masa ya maƙala ƙaramar makirfo a wuyan riga, bai ji ba. Yana gaishe ka, wai kai ne za ka fito a attajiri.

Shafuka kuma ka lissafa su 16-16, domin a haka ake naɗe babbar takardar bugu: 64 ko 80. In ka kawo 70, kuɗin 80 za ka biya. Duk hoton da zai cika shafi a bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma kada fuskar mutum ta faɗa tsakiyar ɗinki. Launi faranti 4 yake ci, fari da baƙi 1 kacal, kuma kuɗin faranti bai san kwafi 50 ko 1000 ba. Ni a ganina ganuwa da ginin ƙasa sun fi kwarjini a fari da baƙi, aljihunka ma ya huta.

Ka duba ƙ da ɗ da ɓ a fayil na ƙarshe, ka tura PDF da harafin a cikinsa, in ba haka ba Ƙofar Gayan za ta fito da akwati a madadin ƙa. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wannan abin kunya ne. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nema, ka fara tun yanzu.

Wai da gaske ne ƙaninka ya bar Samaru ya koma sayar da waya a PZ? Hajiya ba ta ce komai ba? Ka aiko filashin da direban da ka yarda da shi, a cikin ambulan, ba a aljihun goro ba. A gaida Maman yara.

Naka,
Bazazzagin da ka sani