Amsa ga Kawu kan fuskar mutum da aka gani a Mars

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya.

Ranar walimar suna a Jidda ka ɗaga wayarka a gaban jama'a, ka nuna hoton fuskar nan ta duniyar Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrikh, ka ce in gaya maka wanda ya sassaƙa ta, tunda ni ne mai karance-karancen taurari. An yi dariya, aka kira salla, maganar ta bi ruwa. Ga amsar a rubuce, don waɗanda suka ji tambayar su ma su gani.

Hoton ba na bogi ba ne. Kumbon Viking 1 na Amurka ne ya ɗauke shi ranar 25 ga Yuli, 1976, a yankin da ake kira Saidoniya. Tudu ne mai tsawon kusan kilomita 2. Sai dai rana ta yi ƙasa a lokacin, inuwa ta miƙe ta zana ido da baki, kuma kowane ɗigo guda na hoton ya haɗiye fili mai faɗin wajen mita 50. Baƙin tabon da ke kama da ƙofar hanci ma ba a kan tudun yake ba, gurbin saƙo ne da ya ɓace a hanya kafin ya iso duniya.

An koma. Kumbon Mars Global Surveyor, shi ma na Amurka, ya sake ɗauka a 1998, sannan a 2001 da kyamarar da ɗigonta bai kai mita 2 ba. Babu ido, babu baki, sai tudu mai zaizayayyen gefe.

Na san za ka ce Amurkawa ne suka ɓoye gaskiya. To kumbon Turawan Turai, Mars Express, shi ma ya ɗauka a 2006, tudun dai ya gani.

Amma abin da ya fi gamsar da ni yana nan kusa da mu. Ka tuna Dutsen Giwa na garin Ula, a nan Saudiyya? Daga nesa haure dai ba a gani, amma ga hanci ya sauko har ƙasa, ga gadon baya, yaro ma zai ce giwa. Ka matsa ka dafa shi, dutsen yashi ne kawai da iska da ruwa suka daɗe suna ci. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa Mada'in Salih, inda Nabatawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, suka sassaƙa kaburbura sama da 100. Can kuwa duk takun da ka yi, shaida ƙaruwa take: sawun kurfi a jikin dutse, kusurwa a daidaice, matakala, har rubutu mai ambaton sunan mai kabarin. Fuskar Mars da aka matsa kusa da ita, halin Dutsen Giwa ta nuna.

Ba na ganin laifinka. Idon ɗan Adam gwanin tsinto fuska ne, ko a gajimare, ko a gaban mota. Masana ma sun faɗa wannan rami: Percival Lowell ya kafa gidan duban taurari a 1894, ya yi shekaru yana zana magudanan ruwa da ya rantse an haƙa a Mars, sai da kumbuna suka je aka tarar babu su.

In ka shigo Madina bayan zafi ya sauka, mu ɗauki mota mu je Ula, tafiyar wajen awa huɗu ce. Man a kaina, kai ka zo da shayi.

Ɗanka, daga Madina.